Jarumi Ɗaya, Fasinja Ɗari Uku: Nazari a kan Finafinan Fashin Jirgin Sama

1. Gabatarwa

Ran 25 ga watan Oktoba na shekarar 1993, wani jirgin kamfanin Nigeria Airways, samfurin Airbus A310, wanda ya taso daga Legas da nufin zuwa Abuja, ya sauka filin jirgin saman Yamai ba da shiri ba. Samari huɗu ne suka karkato da shi, suna neman a miƙa mulkin Najeriya ga Moshood Abiola, bayan da sojoji suka soke zaɓen ran 12 ga watan Yuni. Kwana uku jirgin ya yi tsaye a filin, ana ta ciniki da samarin, ana kai ruwa da abinci, ana sakin fasinjoji kashi-kashi, har daren da dakarun Nijar suka afka ciki. Mutum ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin ya rasa ransa. An kama samarin su huɗu da rai, suka yi shekara tara da ƴan watanni a gidan kaso a nan ƙasar.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma gidajen bidiyo na unguwanni, daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, suke cike da kasat na finafinan Amurka masu irin wannan labari, in ka ɗebe abu ɗaya. A cikin fim, ba a jiran kwana uku. Akwai wani mutum guda a cikin jirgin wanda ƴan fashi ba su san da shi ba, shi ne zai bi su ɗaya bayan ɗaya, kafin awa biyu ta cika ya gama da su, wani lokaci ma shi zai sauko da jirgin da hannunsa.

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba abin da ya sa irin wannan labari yake kama zuciyar mai kallo, domin yana kamawa, mu kanmu mun zauna bisa benci mun tafa masa. Sa'an nan za mu auna shi da abubuwan da suka auku a zahiri. Finafinan da muka fi dogara a kansu su ne Delta Force (1986), Passager 57 (1992), Ultime décision (1996), Air Force One (1997), da ƴan kaɗan na bayan shekarar 2001. Mun bar musu sunayen da masu kallo na ƙasarmu suka san su da su.

2. Abin da ke jan mai kallo

Uwar waɗannan finafinai ba a jirgi aka haife ta ba. Ita ce Piège de cristal ta John McTiernan (1988), inda ɗan sanda guda, ba ko takalmi a ƙafarsa, yake ɓuya cikin wani dogon bene na Los Anjelis da ƴan fashi suka kame. Da fim ɗin ya yi kasuwa, sai masu kuɗin Hollywood suka riƙa sauya wa labarin mazauni kawai: jirgin ruwan yaƙi a Piège en haute mer (1992), bas a Speed (1994), jirgin ƙasa a Piège à grande vitesse (1995). Amma babu mazaunin da ya dace da shi kamar jirgin sama.

Dalilin a fili yake ga duk ɗalibin da ya karanci wasan kwaikwayon Faransa na ƙarni na 17, da ƙa'idar nan tasa ta wuri ɗaya, lokaci ɗaya, al'amari ɗaya. Jirgi yana ba marubuci duka ukun kyauta. Wanda ke sama da mita 10 000 ba ya da ƙofar fita, ba ya da maƙwabcin da zai kira. Man da ke cikin tanki shi ne agogo, ba sai an ƙirƙiro wani ba. Kuma wurin ƙanƙane ne, mai kallo yana haddace shi cikin minti goma: ɗakin matuƙa a gaba, kujerun masu hali, kujerun talakawa, kicin, makewayi, ɗakin kaya a ƙarƙashi. Ko wanda bai taɓa hawa jirgi ba, kuma su ne mafi yawan masu kallo a gidan bidiyo, zai iya gaya maka ta inda jarumi zai ɓullo.

Abu na biyu shi ne asiri. A lura da kyau, a duk waɗannan finafinai jarumin ba ya kan kujerarsa sa'ad da aka kame jirgin. John Cutter na Passager 57, wanda Wesley Snipes ya fito a matsayinsa, yana cikin makewayi. Shugaba James Marshall na Air Force One ya saki kwandon tsira ba kowa a ciki, ya laɓe a ɗakin kaya, duniya na zaton ya tsere. Mutanen Ultime décision kuwa ta ƙarƙashin cikin jirgin suka shigo, daga wani ƙaramin jirgin soja da ya manne masa a sararin sama. Wato ke nan mai kallo ya san abin da ɗan fashi bai sani ba, ya zama abokin sirrin jarumi. Wannan daɗi mun san shi tun muna yara a bakin kakanninmu, shi ne daɗin ganin Gizo yana shirya wa Kura tarko tana tsaye ba ta sani ba.

Sabili da haka, a ganinmu, tsakiyar waɗannan finafinai ta fi ƙarshensu armashi, domin a nan ne dabara take aiki kafin ƙarfi ya karɓe. Marshall yana haɗa wayoyi don ya zubar da man jirgi, ya buga tarho zuwa fadarsa mai karɓar kira ta ɗauke shi mahaukaci, ya aika saƙo ta na'urar faks da ƴan fashi suka manta da ita. A Ultime décision, wanda muke ganin ya fi sauran ƙira, sojoji suna huda ƴan ƙananan ramuka suna leƙen fasinjoji, suna magana da jiragen yaƙin da aka turo su harbo su ta hanyar kunnawa da kashe fitilun wutsiya, wani injiniya matsoraci kuma yana tare bam da ɗan tsinken roba da ya saba taunawa. Fim ɗin ya yi wani abin da ba a saba gani ba. Yaran gidan bidiyo suna raba duniya gida biyu, « acteur » da « chef bandit », kuma dokarsu ita ce « acteur » ba ya mutuwa. Sai ga Steven Seagal, wanda hotonsa ne ya jawo su, iska ta yi awon gaba da shi tun fim bai kai rabi ba, aka bar aikin a hannun Kurt Russell, mutumin ofis mai tabarau da rigar biki. Daga wannan lokaci mai kallo ba ya da tabbacin komai, abin da kuwa ake nema ke nan.

Game da Passager 57, fim ne gajere, minti 84, kuma labarinsa ya yi rauni har sai da aka sauko da shi ƙasa, aka tafi guje-guje a wani filin wasan yara na Luwiziyana. Amma yana da abin da ya sa ya shiga ran masu kallonmu: jarumin baƙar fata ne, shi ne gwani, shi ne mai ilimin aikin, mugun kuma Baturen Ingila ne mai lafazin ƴaƴan sarauta. A shekarar 1992 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba za mu ce baƙon labari ne aka kawo mana ba. Baƙo da ya iso gari da dare, ya tarar da jama'a cikin ƙangin dodon da ya hana su ruwa sai ran Juma'a, ya tafi shi kaɗai ya sare masa kai, ai Bayajida ke nan a rijiyar Kusugu. Sai dai labarin Daura bai manta da maƙeran Gaya da suka ƙera wuƙar ba, bai manta da tsohuwar da ta sauke baƙon ta ba shi guga ba, kuma da gari ya waye akwai sarauniya da fadawanta da za su bincika wa ya yi aikin. A nan ne finafinan da muke nazari suka rabu da shi.

3. Waɗanda ke zaune

A cikin jirgin Ultime décision akwai fasinja wajen 400. In aka tambayi mai kallo bayan an tashi ya ambaci uku daga cikinsu, da wuya ya iya. Aikinsu ihu, da sunkuyar da kai, da tafi a ƙarshe. Idan an ba ɗaya suna da fuska, to, a shirya, kashe shi za a yi don a nuna mana mugu da gaske yake. Domin mutum ɗaya ya yi tsawo, sai an durƙusar da ɗari uku. Kaya ne, bambancinsu da akwatunan da ke ƙarƙashi shi ne suna numfashi.

Air Force One na Wolfgang Petersen ya fi kowane fito da wannan, ba tare da ya sani ba. Fim ɗin ya buɗe da jawabin shugaban a Mosko, inda ya yi alkawarin Amurka ba za ta ƙara ciniki da ƴan ta'adda ba. Ivan Korshunov, wanda Gary Oldman ya yi, ya harbe mai ba shugaban shawara kan tsaro, ba a saki Janar Radek da yake nema ba. Ya ɗora bindiga a kan wata ma'aikaciyar ofishin yaɗa labarai, ya ƙirga, Marshall yana ji daga maɓoyarsa, bai fito ba, aka kashe ta. Amma da aka ɗora bindigar a kan ƴarsa, nan take ya ba da umarni a buɗe kurkuku. Fim ɗin yana so mu ga wannan a matsayin tausayin uba, kuma Harrison Ford ya iya wasan har mu yarda. Abin da muka gani mu shi ne doka mai tsauri a kan ƴaƴan wasu, mai laushi a kan na gida. A ƙasa kuma, ministan tsaro ya tattara sa hannun ministoci don a ɗauke iko daga shugaban da ke hannun abokan gaba, kamar yadda gyara na 25 na tsarin mulkin Amurka ya tanada, mataimakiyarsa ta ƙi sa hannu, kuma fim ɗin ya mai da ƙin nata shi ne biyayya. Ofis, doka, majalisa, duk an nuna su a matsayin masu ɓata lokaci. Mu da muka sha ganin masu ceto sun zo da bindiga, ya kamata wannan darasi ya ɗan tsaya mana a wuya. Fim ɗin ya tara kimanin dalar Amurka miliyan 315 a duniya.

Bari mu duba wani jirgi na gaskiya da aka samu mutum ɗaya mai bindiga a ciki. Ran 23 ga Nuwamba 1985, mutum uku na ƙungiyar Abu Nidal suka kame jirgin EgyptAir mai lamba 648, daga Atina zuwa Alƙahira. Wani jami'in tsaron Masar da ke cikin fasinjoji ya zaro bindiga ya kashe ɗaya. A fim, nan ne za a fara kiɗa. A zahiri, an harbe shi ya faɗi da rauni, harsasai suka huda jikin jirgin, iskar ciki ta zube, dole matuƙi ya sauko ƙasa-ƙasa don mutane su samu numfashi, sauran biyun kuma suka ci gaba da riƙe jirgin har tsibirin Malta. Washegari kwamandojin Masar suka fasa jirgin da nakiya, wuta ta tashi, kusan mutum 60 suka mutu a cikin abin da bai kai 100 ba.

Inda aka yi nasara kuwa, ba hannu ɗaya ne ya ɗauki jinka ba. A watan Disamba 1994, mutum huɗu na ƙungiyar GIA suka kame jirgin Air France a Aljas, suka kashe fasinja uku. An yi kwana biyu ana jan su da magana. An shawo kansu a sauka Marseyi da hujjar man ba zai kai Paris ba, da suka nemi tan 27 na mai, alhali tafiyar ba ta buƙatar ko rabin haka, sai hukuma ta ƙara gane nufinsu, aka yi ta jinkirta tankar. Da yammacin 26 ga wata jandarmomin GIGN wajen talatin suka shiga ta ƙofofi uku, da dama cikinsu suka ji rauni, ba fasinja ko ɗaya da ya mutu a farmakin. Haƙuri, da gajiyar da abokin gaba, da horo na shekaru, ba su da kyan gani a allo. Abin da ya fi kyan gani shi ne naushi.

4. Ɗan fashin da ba ya da magana

Aibi na biyu ya shafi mugun. Fashin jirgi, a tarihinsa, hanya ce ta tilasta wa duniya ta saurari wata buƙata. Tsakanin 1968 da 1972 an kame jirage fiye da 130 a Amurka kaɗai, da yawa zuwa Kuba, kuma umarnin da kamfanoni suke ba ma'aikatansu a lokacin shi ne a bi abin da ɗan fashi ya ce, a sauka lafiya, a bar sauran ga masu ciniki. Fim ɗin jarumi ɗaya ba zai iya rayuwa da wannan ba. In buƙatar tana da ma'ana, ciniki zai yiwu, in ciniki ya yiwu, jarumi ya rasa aiki. Dole ke nan a mai da mugun mahaukaci, ko a ce buƙatar tasa ƙarya ce yake rufe wata mugunta da ita.

Delta Force na Menahem Golan misali ne da ya cancanci a tsaya a kansa, domin an gina shi a kan abin da ya faru wata takwas kafin fitowarsa. Ran 14 ga Yuni 1985 aka kame jirgin TWA mai lamba 847 bayan tashinsa daga Atina, aka yi ta kai da kawowa da shi tsakanin Beirut da Aljas. Masu fashin sun kashe wani matashin sojan ruwan Amurka, Robert Stethem, suka jefar da gawarsa a filin jirgi. Buƙatarsu ita ce a saki ƴan Labanan fiye da 700 da Isra'ila take tsare da su. Bayan kwana 17, ta hanyar shiga tsakani na Nabih Berri da wasu gwamnatoci, aka saki mutum 39 na ƙarshe, Isra'ila kuma ta saki fursunonin kashi-kashi a makonnin da suka biyo. Rabin farko na fim ɗin ya bi wannan kusan sawu da sawu, kuma yana da ban tsoro na gaske. Rabi na biyu sai ga Chuck Norris a kan babur mai harba roka, yana rusa unguwannin Beirut. Abin da aka samu da baki, fim ya sake samo shi da wuta, don mai kallon Amurka ya huce.

Wadda ta yi jarumtaka a wannan jirgi mace ce, Uli Derickson, shugabar ma'aikatan ciki. Da yake tana jin Jamusanci, ita ce ta riƙa magana da masu fashin tana kwantar da su, ta shiga tsakaninsu da waɗanda suke duka, da ma'aikatan filin Aljas suka ƙi ba da mai sai an biya, ta miƙa katinta na biyan kuɗi. Haka Neerja Bhanot a jirgin Pan Am a Karachi, ran 5 ga Satumba 1986: ta yi wa matuƙa ishara suka fice ta rufin ɗakinsu, jirgin ya rasa mai tayar da shi, ita da abokan aikinta suka ɓoye fasfo na Amurkawa, ta mutu tana fitar da fasinjoji, saura kwana biyu ta cika shekara 23. Sai a 2016 silimar Indiya ta ba ta fim nata. A finafinan Hollywood da muka ambata, ma'aikaciyar jirgi mai miƙa wa jarumi labari ce, ladanta kuma ya gayyace ta shan kafe.

Akwai kuma maganar fuskar da ake ba mugun. Abdul na Delta Force da Nagi Hassan na Ultime décision Larabawa ne Musulmi, amma Ba'amurke Robert Forster da Baturen Ingila David Suchet ne suka yi su, kuma kamara tana haɗa ibadarsu da kisan da suke yi kamar abu ɗaya ne. Gaskiya ne a fim na biyun an sa mataimakin Hassan ya ce masa wannan aiki ba na addini ba ne, amma daƙiƙa kaɗan aka ba shi kafin a harbe shi. Jack Shaheen, a littafinsa na 2001 inda ya bi finafinai fiye da 900, ya nuna daɗewar wannan hoto. Abin mamaki a wurinmu shi ne yadda muka riƙa tafa wa Chuck Norris a ɗakin da kusan duk wanda ke ciki zai tashi ya yi alwala in an gama. Ba muna wanke mai fashi ba ne. Wanda ya zuba fetur a cikin jirgi cike da mata da yara, kamar yadda samarin Yamai suka yi, ya yi laifi ko da zaɓen da yake kuka a kansa an zalunce shi. Amma wanda bai san ran 12 ga Yuni ba, ba zai gane abin da ya kawo jirgin nan filinmu ba. Fim ɗin Najeriya Hijack '93, wanda ya fito a Netflix a 2024, ko da ya sauya sunaye ya ƙara nasa, aƙalla ya juya kamara wajen samarin da ma'aikatan jirgin.

5. Bayan an kulle ƙofa

Ran 11 ga Satumba 2001 ta kashe tsohuwar ƙa'idar a bi a zauna lafiya. A jirgi na huɗu, fasinjoji sun ji ta tarho abin da ya sami sauran, suka yi shawara, suka taso gaba ɗaya. Su 40, har da ma'aikata, duk sun mutu a wani fili na Pensilbaniya, jirgin bai kai inda aka nufa da shi ba. Paul Greengrass, a Vol 93 (2006), ya ƙi ɗaukar wani sanannen ɗan wasa, don kada idon mai kallo ya nemi « acteur » a cikinsu.

Daga nan aka ƙarfafa ƙofar ɗakin matuƙa, ana kulle ta daga ciki, tsohon labarin ya rasa hanyarsa. Non-Stop (2014) ya yi ƙoƙarin ceto shi ta hanyar mai da shi wasan gano ɓarawo: Liam Neeson jami'in tsaro ne mashayi, ana aiko masa saƙo za a kashe mutum kowane minti 20, kowa abin zargi ne har shi kansa. An sa wani likita Musulmi don mai kallo ya zarge shi ya ji kunya daga baya, dabara ce mai kyau. Amma a ƙarshe an koma gidan jiya, jarumi yana shawagi cikin iska yana cafke bindiga.

Wanda ya ɗauki ƙofar da gaske shi ne Bajamushe Patrick Vollrath a 7500 (2019), sunan kuwa lambar da matuƙi ke bugawa ce don sanar da ƙasa an kame shi. Kamara ba ta fita daga ɗakin matuƙa. Mataimakin matuƙi, da rauni a hannu, yana kallo ta wani ɗan allo ana yanka mutane a bayan ƙofa don ya buɗe, har da uwar ɗansa, kuma duk jarumtakarsa ita ce kada ya taɓa maɓallin. Fim ɗin bai tsira daga aibin da muka ambata ba, manyan masu fashin nasa ba su da wata magana sai ihu. Amma ya bar jarumin shi da ƙaraminsu, Vedat, yaro matashi da tsoro ya kama, su biyu a ɗaki ɗaya bayan an sauka Hanoba, matuƙin yana lallashinsa ya ajiye guntun kwalbar da ke hannunsa. Maharbin ƴan sanda ya riga shi. Aka fitar da matuƙin, kamara ta tsaya a ɗakin, tarhon yaron yana ta ƙara ba mai ɗauka. Ɗaya daga cikin samari huɗun da suka sauka Yamai a 1993 shekararsa 19.